Tabon Ƙeyar Maccido

A Wurno ba a tambayar inda Malam Maccido mai albasa yake, kunne kawai ake kasawa. Duk inda ka ji wata murya ta danne ta kowa tana bayanin yadda ya kamata a yi abu, to ka iske shi. In ka biye masa, shi ya ba da shawarar wurin da aka gina madatsar Goronyo, ko da yake lokacin ko wando bai fara sawa ba. Abu ɗaya ne ya gagare shi a duniya, shi ne sanƙo. Tun yana ɗan shekara talatin gashi ya fara ja da baya daga goshinsa, kafin ya kai hamsin ya tattara ya koma ƙeya ya zauna.

Shekarar da albasa ta yi tsada, Maccido ya kwashe abin da ke cikin rudunsa, wato rumbun ajiyar albasa, kaf ya sayar, ya ce wa mutane zai bi mota Kudu ya gyara wa 'yan kasuwar can lissafi. Bai je Kudu ba. Wani asibiti ya nufa a Abuja inda ake dashen gashi, wato a ciro shi daga ƙeya saiwa-saiwa a dasa a gaba. Likitan ya auna kan, ya faɗi iyakar abin da ƙeyar za ta iya bayarwa. Maccido ya yi dariya. Ya ce shi da ya shekara talatin yana dashen albasa a fadama ba za a koya masa tazara ba, a cika masa gaban nan taf kamar na saurayi. Likita ya ce in aka ɗebi da yawa bayan zai yi shara-shara, tabon kuma zai daɗe yana nunawa. Maccido ya ce ai ba shi da ido a ƙeya.

Da za a sallame shi aka yi masa bayani dalla-dalla. Kowace saiwa da aka cire ta bar ɗan rami kamar bakin allura. Ramukan za su yi ja, su yi ɓawo, ɓawon ya zube cikin mako biyu, sannan su koma ɗigo-ɗigo masu haske da za su riƙa dushewa a hankali har shekara. Kada ya sosa, kada ya bar rana ta dake su, kada ya shafa komai sai abin da aka ba shi, kuma kada ya aske. Maccido ya ce duk ya san wannan.

Dabarar da ya dawo da ita ta fi dashen girma. Zai rufe kan da hula har gashin ya fito, sannan ya shelanta cewa wani mai ne da ya haɗa da hannunsa ya tsiro da shi. Daga nan sunansa zai tashi daga mai albasa ya koma mai maganin sanƙo, a riƙa zuwa Wurno daga Nijar ana layi a ƙofar gidansa. Ba wanda ya san gaskiya sai matarsa Turai, ita ma don ita ke wanke matashin kai.

Wata shida hular nan ba ta bar kansa ba. Ya daina zuwa wurin Baba Yari wanzami, wanda ke yi masa aski kowace Juma'a tun yana yaro, wanda kuma shi ya yi wa 'ya'yansa duka askin suna. In sun haɗu a hanya Maccido sai ya ce yana sauri. Tsohon sai dai ya bi hular da kallo.

Ranar da ya tashi buɗe kan, a majalisar 'yan albasa ya yi. Ya jingina da bango, ya tura hular baya kaɗan. Aka matso ana kallo. Ga gashi nan baƙi wuluk a wurin da jiya-jiya ake iya duba fuska. Wani ya miƙa hannu ya ja, Maccido ya yi ƙara, aka tabbatar ba manne shi aka yi ba. Nan take ya zaro kwalba daga aljihu. Ruwan albasa ne da man shanu da citta da wasu abubuwa da ya ce ko Turai ba ta sani ba. Kafin mako ya zagayo, duk mai sanƙon da ke tsakanin Wurno da Sisawa ya shiga warin albasa, matansu na ta Allah-wadai.

Matsalar tana baya. Kullum da safe Maccido zai riƙe madubi biyu yana leƙen ƙeyarsa, ya ga ɗigo-ɗigon nan birjik ta cikin gashin da ya yi shara-shara. Gaskiya sun fara dushewa, sai wanda ya matso ya ƙura ido zai gan su. Amma mai abin ɓoyewa gani yake kowa shi yake kallo. Turai ta ce ya yi haƙuri, ai likita ya ce shekara. Ya ce likita bai san fatar Wurno ba.

Ya sa ta ta zauna da kwalli da tsinke tana bin ɗigon ɗaya bayan ɗaya, tun hantsi har tuwon rana ya kusa ƙonewa. Ya duba madubi ya ce ya fi likitan iya aiki. Ya sa farar rigarsa ya tafi masallaci. Abin da ya manta shi ne alwala. Da ya zo shafar kai ya kai hannu har ƙeya ya dawo, tafukansa suka yi baƙi, ruwan ya gangara wuyan riga. Shi kuma mutum ne da ba ya salla sai a sahun farko, daidai bayan liman, in ya iske wani a wurin ma sai ya matsa shi. Ana sallamewa wanda ke bayansa ya taɓa shi ya ce, "Malam Maccido, wuyanka shina zubad da tawwada."

Ya ce wani rubutu ne aka ba shi na kaifin basira. Daga ranar ya koma sahun ƙarshe, can jikin bango inda takalma suke. Gari ya ɗauka. Wasu suka ce ya yi faɗa da liman, wasu suka ce tsufa ya zo masa da tawali'u, amma waɗanda suka san shi suka ce wannan ba zai yiwu ba.

Turai ce ta ƙara ingiza shi, ba da niyya ba. Ta gaji da aikin kwalli, ta ce, "Malam, in dai man ga naka shina aiki, mi ya hana ka shahwa ma kanka?"

Maganar ta yi masa zafi, don ya faɗi ƙaryar sau da yawa har shi ma ya fara yarda da ita. Ya ce wanda ake sayarwa na talakawa ne, nasa zai fi ƙarfi. Ya ƙara lemon tsami da kanwa da ɗan barkono don ya buɗe ƙofofin fata, ya lafta a ƙeya, ya kwanta a inuwar darbejiya ya ce a tashe shi la'asar. Ba a kai ga tashinsa ba. Cinnaku sun ji ƙanshin man shanu sun yi gayya, barkono kuma ya kama aikinsa. Maƙwabta suka ji gudu a tsakar gida, suka leƙo ta katanga suka ga Malam Maccido ya tsoma kai cikin randa, ƙafafu na harbin iska. Ya sosa wurin nan da farce goma har ya yi jini. Washegari ƙeyar ta kumbura ta yi tsatsa-tsatsa, ɗigon da da sai an nema yanzu daga nesa ake hango su.

Hula ta daina rufewa, sai ya naɗa rawani. Kwana biyu yana yawo da shi ana gaishe shi da ranka ya daɗe, yana amsawa da ɗaga hannu, har abin ya fara yi masa daɗi. Rana ta uku aka aiko daga gidan hakimi ana tambaya cikin ladabi wace sarauta aka ba shi, kuma wa ya naɗa, don a san yadda za a zaunar da shi. Ya sauke rawanin, ya koma ɗaura ƙyalle a ƙarƙashin hula kamar mai ciwon haƙori.

Mai hankali da sai ya zauna gida har wurin ya lafa. Maccido ya cika kwali da kwalabe ya nufi kasuwar Goronyo. Ya hau kan benci, ya tura hula baya, ya shiga bayani. Jama'a suka taru. Cikinsu akwai wani Bafulatani mai suna Buba, dattijo mai sanƙo har tsakar ka, ya rataya sanda a kafaɗa yana saurare. Da Maccido ya gama, Buba ya ce shi in zai sayi saniya sai ya zagaya ta, don haka yana son ya ga kan duka.

"Gashin gaba ka buƙata ko na baya?" in ji Maccido.

"Duka kai guda na, Malam. Juya mu gani."

Maccido ya ce juyawa tana karya maganin. Buba bai yi musu ba, sai ya fara zagaya bencin a hankali. Maccido ya juya yana fuskantarsa. Buba ya ci gaba, Maccido ya bi shi. Suka yi zagaye uku, 'yan kasuwa na dariya, a na huɗu jiri ya ɗebi mai magani, ƙafa ta zame, benci ya tashi. Hula ta yi gabas, ƙyalle ya yi yamma, Maccido ya faɗi rubda ciki, ƙeyarsa na kallon sama a tsakiyar kasuwa.

Aka sunkuyo ana kallo. Buba ya ce ko cikin garkensa bai taɓa ganin irin wannan ba, ya tambaya ko man ne ke yin haka. Nan ne Maccido ya yi kuskuren da ya fi duk na baya. Ya tashi yana kakkaɓe riga, ya ce man ba ruwansa, ƙaho ne Yari wanzami ya yi masa, tsufa ya sa hannunsa na rawa, ya sassare masa ƙeya haka. Ya ƙara da cewa shi ya sa ma ya daina zuwa wurinsa.

Kafin Maccido ya iso gida maganar ta riga shi. Juma'ar da ta biyo, Baba Yari ya shimfiɗa tabarmarsa a gindin bishiyar da ya saba, ya wasa aska, ya zauna har aka kira salla mutum biyu kacal suka zo, su ma ɗayan gaisuwa ya kawo. Wannan abu ya ba ni haushi, ni mai ba ku labarin nan, kuma ba ni kaɗai ba. Tsohon nan shekara hamsin yana riƙe da kawunan garin, bai taɓa yanka wa kowa kunne ba. Bai je ya yi faɗa ba. Ya naɗe tabarmarsa, ya kai maganar gaban sauran wanzamai, suka yanke cewa ba mai zabirar da zai sake taka zauren Maccido sai an wanke Yari a bainar jama'a.

Maccido ya ce su daɗe ba su zo ba, shi da yake tara suma me zai yi da wanzami. Bayan kwana tara Sadiya, matar babban ɗansa Isma'ila, ta haifi namiji. Jikansa na fari ke nan. Ya sayi rago mai ƙaho kamar na sa, ya aika goron gayyata har Rabah, ya ce za a yi sunan da ba a taɓa yi ba. Sai Turai ta tambaye shi wa zai yi wa jaririn aski.

Ya hau babur ya tafi Rabah, wanzamin can ya ce askarsa ta dakushe. Ya wuce Tursa, na can ya ce ranar yana da kaciya goma. Ya koma Goronyo, wanda ya samu ya kalle shi sama da ƙasa ya ce shi ma hannunsa ya fara rawa. Ya dawo da yamma fuska duk ƙura, ya ce shi zai yi askin da kansa, ai ba wani abu ba ne. Ya sa aka kawo masa kankana ya gwada da reza. Yanka na biyu jan ya fito. Uwar Sadiya, wadda ta zo zaman jego, tana kallo daga ƙofar ɗaki. Ta ce in ya matso kusa da jikanta da wannan hannun, za ta goya yaron ta kama hanyar garinsu, a yi sunan a can. Isma'ila, wanda bai taɓa ɗaga wa ubansa murya ba, ya durƙusa ya ce, "Baba, don Allah ka tahi wurin Baba Yari."

Bai je ba. Turai ce ta aika da goro da ban haƙuri, aka dawo mata da amsa cewa zai zo, amma da sharaɗi, kuma sai a zaure zai faɗa.

Ranar suna da sassafe zaure ya cika har waje. Liman ya yi addu'a, aka raɗa suna Bilyaminu, aka yanka rago, aka raba goro. Ga Baba Yari zaune a gefe, zabira a kan cinya, bakinta a ɗaure. Aka ce a fito da jariri. Tsohon ya ɗaga hannu.

"Akwai kan da za ni hwara dubawa. An ce aikina na. In aikina na, in aje aska yau gaban kowa, ba ni ƙara taɓa kan ɗan kowa. Maccido, taho zamna."

Maccido ya yi dariya ya ce ai wannan maganar kasuwa ce, ta wuce. Ba wanda ya taya shi dariyar. Ya ce ranar farin ciki ce, a bari sai gobe. Yari ya fara miƙewa da zabirarsa. Daga cikin gida aka ji muryar uwar Sadiya tana cewa a miƙo mata zanen goyo. Maccido ya dubi ɗansa, ya ga yaron ya sunkuyar da kai don kunya a gaban surukansa. Ya taso ya zauna a tabarma, ya cire hular da hannunsa.

Yari ya jiƙa ƙeyar, ya bi ta da aska a hankali yana kauce wa inda bai gama warkewa ba. Da ya gama ya matsa gefe ya ce dattawa su matso. Ya ce duk wanda aka taɓa yi wa ƙaho ya shafa nasa ya ji: tsaga ce 'yar siririya, uku ko huɗu, a wuri ɗaya. Waɗannan kuwa ramuka ne zagayayyu, sun fi dubu, tun daga wannan kunne har wancan. Ya ɗaga askar ya ce a nuna masa yadda wannan za ta huda rami.

"To wa ya yi ma wanga aiki?" in ji Yari.

"Likita na," in ji Maccido, murya can ƙasa.

"Ba mu jiya ba."

"Likita na, Abuja. Nan anka cire anka dasa gaba."

"Man hwa?"

Sai wani dattijo daga Sisawa ya cire hularsa ya ajiye a gwiwa, kan na sheƙi da man shanu, ko gashi ɗaya babu. Na kusa da shi ma ya cire. Haka suka yi ta cirewa har mutum bakwai, warin albasa ya danne ƙanshin turaren suna. Ba wanda ya zage shi. Wani ya fara dariya a waje, ta shigo zaure, ta wuce cikin gida har wurin masu tuƙa tuwo.

Maccido ya ce Baba Yari ya yafe masa, ya yi masa ƙarya. Ya faɗa sau biyu don na waje su ji. Sannan ya lallaɓa zai ɗauki hularsa, yana murna a ransa cewa ko ba komai na gaban ya tsira. Liman ya yi gyaran murya. Ya ce ba ya son ya tsoma baki, amma an hana a aske wani sashe na kai a bar wani, ko dai a bar shi duka ko a aske duka, kuma tunda an riga an fara, ai sai a ƙarasa.

Maccido ya dafe goshinsa da hannu biyu. Albasar shekara guda ce a wurin nan. Ya dubi liman, ya dubi masu sanƙo bakwai da suka gyara zama, ya san ba mai cetonsa a cikinsu. Ya sauke hannun.

Yari ya zagayo gabansa, ya jiƙa sumar, ya ɗora aska. Yana aski yana magana ƙasa-ƙasa, yadda su biyu kaɗai za su ji. Ya ce akwai wani ɗan wuri a bayan kunnen hagu da hannun Maccido bai kai ba, can tabon ya shuɗe har sai da ya ƙura ido kafin ya gane shi. Da ya bar sauran haka zuwa kaka, ko shi Yari ba zai iya rantsuwa an taɓa wurin ba.

Gashin ya riƙa zubowa a kan farar rigar. Maccido ya tsinci wani ɗan tsagi ya riƙe a tafin hannu.

"Baba, shina sake hitowa?"

"Ni dai askewa nika yi," in ji Yari. "Sunkuya, jikanka na jira."

Ya sunkuya.